Yadda gida ɗaya zai kirawo lissafin kowane shafi a Excel

Magatakardan ƙungiyar bankunan cimaka yakan ware wa kowane gari shafinsa a cikin Excel: Dakoro, Tasawa, Mayahi. A kowane shafi, gida B2 na ɗauke da yawan buhunan hatsi da suka rage a rumbu. Ranar taro, maimakon buɗe shafuka ɗaya bayan ɗaya, ana iya amfani da umarnin INDIRECT, wanda ke karanta rubutu ya maida shi adireshin gida.

A sabon shafi, ku rubuta Dakoro a gida A2. A gida B2 kuma ku rubuta:

=INDIRECT(A2&"!B2")

Alamar & tana haɗa sunan garin da !B2, sai Excel ya je shafin Dakoro ya ɗauko adadin. In kun goge Dakoro kuka sa Tasawa, adadin Tasawa zai bayyana nan take.

Sunan da ke da tazara, kamar Gidan Rumji, yana bukatar alamar ' gaba da baya:

=INDIRECT("'"&A2&"'!B2")

Gara a saba da wannan tun farko, domin yana aiki da suna mai tazara da marar tazara.

Sai dai a yi hattara. Idan harafi ɗaya ya kuskure, ko aka sake wa shafi suna, #REF! zai fito. Wannan da sauƙi, tunda ana ganinsa. Babban haɗari shi ne ƙara layi a saman shafin gari: adadin buhuna zai sauka B3, amma INDIRECT zai ci gaba da karanta B2 ba tare da gargaɗi ba. Don haka kafin a kai rahoto gaban mambobi, a gwada adadin da na littafin magajin rumbu.