Jajen da Yamai ta yi wa Diffa: me muka koya?

Jama'a masu saurarenmu, da yawanmu na tune da Juma'a 6 ga Fabrairun 2015, ranar da 'yan Boko Haram suka afka wa Bosso da Diffa. Tsakaninmu da Diffa ya fi kilomita 1,300, amma ranar Talata 17 ga watan dubban mutane suka cika titunan Yamai, don mara wa sojojinmu baya da jajanta wa 'yan'uwanmu.

To, shi jaje ba ya ƙarewa da tattakin yini guda. Bayan an watse, wahala ta ci gaba a can. Iyalai sun gudu zuwa Damagaram. Dokar ta-ɓaci ta hana hawan babur, aka kuma taƙaita cinikin kifi da tattasai, waɗanda da su mutanen yankin ke ci da iyali.

Shi ya sa muke cewa, idan masifa ta faɗa wa wani gari, mu yi addu'a, mu ba da jini, mu sauki wanda ya gudo. Kada mu zarge shi saboda garinsu ko yarensu, kuma kada mu yaɗa hotunan gawarwaki a WhatsApp.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya zaunar da Nijar lafiya.