Yumɓu da Tama a Hannun Yaran Kudancin Kaduna

Tun da aka kafa Jami'ar Jihar Kaduna a 2004, aka kuma ba ta reshe a Kafanchan, akwai wani hakki da nake ganin ya rataya a wuyan malamanta, da na sashen nazarin ƙarafa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wato su riƙa sauka zuwa makarantun firamare, su zauna da yara a kan fannin sanin ɗabi'ar abubuwa: me ya sa ƙarfe yake lanƙwasuwa alhali kasko fashewa yake yi, ta yaya kuma wuta take sauya halinsu duka biyu.

Haƙiƙa babu ƙasar da ta cancanci wannan darasi kamar Kudancin Kaduna, domin a ƙauyen Nok na ƙasar Jaba ne masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, sa'an nan a 1943 aka kai wa masanin kayan tarihi Bernard Fagg wani kan mutum-mutumin yumɓu da aka samu a wajen Jama'a, wanda, abin takaici, sai da ya yi zaman gadin gonar doya kafin a san darajarsa. Maginan da suka yi waɗannan, shekara fiye da 2,000 da suka shige, sun cuɗa yumɓunsu da tsakuwa don kada ya tsage, suka bar cikin siffar a rarake, suka huda ido da hanci da baki, ta yadda tururi zai sami mafita sa'ad da wuta ta kama. Wannan kuwa hikima ce irin ta injiniya, ko da ba alƙalami ne ya adana ta ba.

Kayan darasin ba su da tsada. A ba yaro curi biyu na yumɓu, a shanya ɗaya a rana, a gasa ɗaya, sa'an nan a tsoma su a ruwa. Zai ga na fari ya saki ya koma taɓo, na biyu ya tsaya kyam, saboda wuta ta kori ruwan da ke ɗaure a asalin jikinsa, korar da babu komowa. Daga nan a kai su maƙera, su ga ƙarfen da ya yi jajur yana yi wa masaba ɗa'a, a kuma gaya musu murhunan narka tama da aka gano a Taruga, kusa da Abuja, na mutanen Nok ɗin nan ne.

Kuma lalle a sa 'yan mata a sahun gaba, tun da a yawancin garuruwan wannan yanki ginin tukwane sana'ar iyayensu mata ce.