Goro da gahawa kafin atisaye: ƙarfi ne ko rance?

Daga zangon Kumasi zuwa unguwar Briqueterie ta Yawunde, ba baƙon abu ba ne a ga matashi ya ɓare goro ko ya kurɓi gahawa kafin ya shiga filin ƙwallo. Abin da yake nema a cikinsu ɗaya ne, wato sinadarin kafeyin, wanda ke cikin shayi da lemun gwangwanin ƙara kuzari ma.

Kafeyin ba ya ƙara wa tsoka komai. Aikinsa a ƙwaƙwalwa yake, inda yake tare hanyar adenosin, sinadarin da ke sanar da mutum cewa ya gaji. Gajiyar tana nan, jinta ne ke raguwa, shi ya sa mai gudu ke jurewa fiye da yadda ya saba. Bincike ya nuna miligiram 3 zuwa 6 a kan kowane kilo na nauyin jiki, awa guda kafin farawa, ya wadatar. Ga mai kilo 70, kofi biyu na gahawa ya kai shi wurin. Ƙari a kan haka sai bugun zuciya da rawar hannu. Matsalar goro ita ce ba ya zuwa da awo, wani ya fi wani ƙarfi.

Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta cire kafeyin daga jerin haramtattu tun 2004.

Wajen murmurewa ne lissafin ke juyawa. Bayan awa 5, kusan rabin abin da aka sha yana cikin jini. Wanda ya sha don atisayen la'asar zai kwanta da shi, alhali a cikin barci ne tsoka ke gyaruwa. Gobe ya tashi a gajiye, ya ƙara sha.

A ɓangaren tsirrai, ruwan jan gwozan Turawa, betterave a Faransanci, na cikin 'yan kaɗan da aka gwada aka ga suna taimaka wa juriya. Zogale da zoɓo abinci ne masu kyau, a ci su a matsayin abinci.

Abin tsoron shi ne jiƙon gora marar takarda da ake tallarsa da sunan maganin ƙarfi, wanda mai sha bai san me aka zuba masa ba. A dokar WADA, ɗan wasa ne ke ɗaukar alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko da bai sani ba, kuma tun Janairun 2024 tramadol ya shiga jerin abubuwan da aka haramta lokacin gasa.