Wane ne Gwani a Birnin Shehu?

Kalmar ƙwarewa ta yi araha a zamanin nan. Duk sanarwar ɗaukar ma'aikata ƙwararre take nema, kuma da an rufe horon mako biyu sai a raba keken ɗinki a ce an yaye ƙwararru. Alhali Bahaushe bai taɓa cakuɗa matakan nan ba. Iyawa ita ce farkon tafiya, gogewa kuwa yau da gobe ke kawo ta. Gwaninta ita ce wadda mutum ba ya bai wa kansa. A tsangaya ba a kiran mahaddaci gwani sai ya rubuta Alƙur'ani da ka, magabatansa sun duba sun gamsu. Hatta fasaha, da yanzu muke jingina wa injina da kwamfuta, daga Larabci muka aro ta, inda take nufin iya sarrafa harshe.

Sakkwato ta san darajar gwaninta tun kafuwarta. Muhammadu Bello, wanda ya gina birnin a 1809, ya nuna a littafinsa Usulus Siyasa cewa kula da masu sana'a nauyi ne a wuyan shugaba. Har yau sunayen wasu shiyoyin garin, irin su Maƙera Assada, na shaida yadda sana'a ta zaunar da jama'a.

A dubi jima da dukanci. Fatar jar akuyar Sakkwato ita ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, Turawa suka saye ta a hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka, har suka laƙaba mata sunan fatar Moroko. Kyan akuyar daga Allah ne, amma sauran aikin na majemi ne. Shi zai jiƙa fata, ya tuje gashin, ya kankare ta ba tare da wuƙa ta huda ba, ya tsoma ta a ruwan bagaruwa. Babu agogo ko ma'aunin da ke gaya masa ta sha ya isa. Yatsunsa ne ke sanar da shi. In ya yi gaggawa fatar ta lalace, asara ta hau kansa. Daga nan a rina ta da karan dafi ta yi ja, baduku ya karɓa ya fitar da jaka, takalmi, titimi ko kayan doki. Yaro kan shafe shekaru yana aike da riƙe wa maigida fata kafin a yarda ya yanka da kansa.

Abin takaici, mai irin wannan hannun in ya shiga ofis neman aiki ko rance, cikin marasa ƙwarewa za a lissafa shi, don ba shi da takardar shaida. Ba raina karatun Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi nake yi ba. Likita da injiniya dole su bi ta aji. Sai dai takarda shaida ce kawai, kuma iya ruwa fid da kai.

Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha tana da tsarin tantance abin da mutum ya koya a wajen aji. Ya kamata gwamnatin jiha ta kai wannan tsari marina, maƙera da majema, kuma ta sa tsofaffin masu sana'ar cikin alƙalan da za su yi tantancewar.