Gaskiya ko Jita-jita: Kunnen Yaro Makaho Ya Fi Namu?

Magana ce da ta zauna a bakin mutane, cewa wanda Allah ya karɓe wa ido sai ya ƙara masa kunne. Galibi ana faɗinta ne don a sanyaya zuciyar uwar da likita ya shaida wa ɗanta ba zai gani ba. Akwai gaskiya a ciki, amma an tafi an bar rabinta.

Idan aka gwada da na'ura, mafi ƙanƙantar sautin da kunnen makaho ke kamawa bai wuce na mai ido ba. Bambancin yana cikin ƙwaƙwalwa. A 1996 masu bincike a Amurka suka nuna cewa sashen ƙwaƙwalwa na wajen ƙeya, wanda aikinsa gani ne, yana motsawa lokacin da wanda ya makance tun yana ƙarami ke karatu da yatsa. Wato wurin bai zauna banza ba, taɓawa da ji sun karɓe shi. Shi ya sa yaro zai zauna a zaure ya rarrabe takun babansa da na kawunsa, ya kuma gane an bar ƙofa a buɗe saboda muryarsa ta daina dawowa daga bango. Daniel Kish, Ba'amurken da aka cire wa idanu biyu yana jariri saboda ciwon daji, da ƙyasta harshe yake gane inda mota ko bishiya take, har keke yake tuƙawa.

Rabin da aka bari shi ne, wannan basira da horo ake samunta. Selma Fraiberg, wadda ta yi shekaru tana bin jarirai makafi a Michigan, ta lura cewa mai ido yakan miƙa hannu ga abin da ya gani tun yana wata 4 ko 5, shi kuwa makaho sai wajen wata 10 ko 11 yake miƙa hannu ga abin da ya ji ƙararsa. Rarrafe da tafiya su ma sukan yi jinkiri. A nan tausayi ke yin ɓarna. A shimfiɗa masa tabarma a ɗaki, a ce kada ya motsa ya ji ciwo, a riƙa ba shi abinci a baki har ya shekara bakwai. Yaron da ake so ya yi kaifi dole a yi ta yi masa magana, a sa masa ludayi da moɗa a hannu a faɗa masa sunansu, a bar shi ya laluba tsakar gida, ya faɗi ya tashi.

Zancen cewa duk makaho cikin duhu yake, jita-jita ce. Da yawansu suna ganin haske ko inuwa ko launi. Wasu ma yanar ido ce da aiki ke cirewa, kuma gara a yi shi da wuri. Ƙyanda da ƙarancin bitamin A, wanda dundumi ke fara nunawa, sun makantar da yara masu yawa, haka nan ɗiga magungunan da ba a san asalinsu ba cikin ido.

Jita-jitar da ta fi ci mini rai ita ce cewa makomar yaro makaho bara. Louis Braille, Bafaranshen da ya soke idonsa da basillar babansa yana ɗan shekara 3, yana da shekara 15 ya tsara rubutun makafi na ɗigo shida a 1824. Makarantar makafi ta Gindiri a Filato tana nan tun 1953. Malam Aliyu Namangi na Zariya tun yana yaro ya rasa ido, ga shi har yau jami'o'i na nazarin waƙarsa ta Imfiraji.

Sai batun haƙuri, da ake cewa da shi aka haifi makafi. Yaro makaho yana fushi, yana kuka, yana jin zafi idan sa'o'insa suka ruga wasa suka bar shi, ko baƙo ya tsallake shi ya tambayi ɗan jagora, "Me yake so?" alhali yana tsaye yana ji. Shirun da yake yi a lungu, wanda manya ke yabawa, sau da yawa kaɗaici ne, kuma ya kamata a zauna kusa da shi a tambaye shi.