Gonar Gado a Zonkwa: Bakin Dattawa da Takardar Hukuma

A ƙasar Zonkwa, hedikwatar ƙaramar hukumar Zangon Kataf kuma mazaunin Agwam Bajju, akwai gonakin da zuri'a ɗaya ke nomawa kaka da kakanni. A cikinsu aka noma acca da dauro, a cikinsu kuma ake shuka masara da citta yau. Shaida iri biyu ce ke tsare irin wannan gona: bakin dattawa da takardar hukuma.

Wajen iyaka, dattijo zai nuna maka ɗorawa, ko dutse, ko rafi, ya gaya maka wanda ya sare dajin da wanda aka ara wa gefe. Takarda kuwa ba ta san wannan tarihi ba, awo da taswira kawai ta sani. Sai dai ɗorawa kan faɗi, dattijo kan rasu, alhali awon safiyo yana nan a ajiye ko bayan jikoki sun yi furfura.

Wajen doka, kowace tana da madogara. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa amana a hannun gwamna, amma ta bar wa manomin karkara gonar da ta same shi yana nomawa, ko da ba shi da takarda. Ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya har hekta 500 don noma. Bambancin yana fitowa ranar shari'a: mai gado sai ya tara shaidu da maƙwabta, mai takarda kuwa hujjarsa tana aljihu.

Wajen kuɗi, gado ba ya neman ko kwabo, takarda kuwa sai an biya awo, an yi zirga-zirga zuwa KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna. Amma banki ba ya karɓar labarin kakanni a matsayin jingina. Lokacin da cuta ta cinye citta a kudancin Kaduna a 2023, manoma da yawa sun buƙaci jarin sake farawa, kuma a irin wannan rana ce takarda ke da amfani.

Wajen zumunci, gado ya fi faɗin hannu, domin ɗan gidan da ya dawo daga Kaduna ko Abuja yakan sami inda zai kafa fartanya. Takarda kuwa suna take so, kuma idan sunan mutum ɗaya ya hau kan gonar gandu, yana iya sayar da haƙƙin kowa. Duk da haka, gadon ma yakan bar mata da zawarawa a baya, abin da rubutacciyar shaida za ta iya gyarawa.

A Amurka, a jihar Oregon tun 1958 ake karrama gonar da ta shekara 100 a hannun gida ɗaya. Can tsufan gona ake girmamawa, nan kuwa takardarmu ba ta tambayar shekarunta.

Da aka auna shaidar gado da ta takarda, babu wadda ta wadatar ita kaɗai. Gado ne tushen haƙƙi, takarda ce mai tsare shi daga mantuwa da rigima. Ya kamata gidajen Zonkwa su yi rajistar gonakinsu da sunan zuri'a, a taka iyaka gaban dagaci da maƙwabta tun dattawa suna da rai, hukuma kuma ta sauƙaƙa kuɗin awo, ta rubuta tarihin gonar tare da taswirarta.