Karatun fatauci: rabi a aji, rabi a salula

Ran Alhamis kasuwar Maigatari ke ci. Makiyayin Dungas ya kora raguna can, manomin Magarya ya kai riɗi da wake. A sayar da naira, a canzo sefa. Irin wannan fatauci na tsallake iyaka ana koyar da shi a jami'a: wa ke son kayanka, nawa ne kuɗin mota da na duwan, yaya canji ya kwana.

Jami'o'i da yawa sun raba karatun biyu, wani a gaban malam, wani ta salula. Abin ya ƙaru a 2020, da korona ta rufe makarantu. A Nijar ba baƙon abu ba ne, tun 1964 aka fara koyar da yara ta talabijin.

Ta haka ɗalibi zai saurari darasi a garinsu, ya shiga kasuwa ya gwada. Wani darasin ma kowa ya gan shi: Najeriya ta rufe iyaka a 2019, sai Disamba 2020 aka buɗe ta Maigatari. Mai dogara ga kasuwa guda ya ji jiki.

Sai dai ƙauyen da babu rezo ko wurin caji, dole ɗalibinsa ya koma aji a Damagaram.